Yadda ake kai zane wajen masu sana'a a Zariya har ya zama kaya a hannu

Duk shekara sai na samu yara biyu ko uku, yawanci waɗanda suka gama sashen zayyanar kaya na jami'ar ABU ko 'yan kwalejin Nuhu Bamalli, sun zo min da zane mai kyau a waya ko a laftof, kujera ko jaka ko fitilar ɗaki, suna tambaya wai a ina za a ƙera musu. To Zariya dai ba ta rasa hannu ba, akwai masu walda a Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru, akwai kafintoci, akwai dukawa da masu ɗinkin hannu a cikin birni, matsalar ita ce yadda za ka shiga wajensu da kuma sanin halin kayan da za ka yi aiki da su kafin ka zuba kuɗinka. Na yi wannan zirga-zirgar sau da yawa, shi yasa zan rubuta yadda nake bi daki-daki. Zan ɗauki misali ɗaya har ƙarshe, 'yar kujera mai ƙafar ƙarfe da mazaunin fata, saboda ta haɗa mai walda da mai fenti da baduku, in ka iya haɗa waɗannan ukun to sauran aiki mai sauƙi ne.

Abubuwan da za ka tanada

Tef na awo mai inci da santimita duka biyu. Sikwaya ta duba kusurwa. Kwali mai kauri, irin na katan ɗin firij ko na taliya ya isa, da reza da almakashi da salatif. Alli da maka. Littafi guda wanda ba ka rubuta komai a ciki sai wannan aikin. Farin ƙyalle tsohon yadi. Jarkar ruwa mai lita 25. Waya mai kamara. Sai gutsattsarin kayan gwaji: fatar akuya, kirgi (jemammiyar fatar saniya), fatar roba, guntun fayif na ƙarfe mai kusurwa huɗu da mai zagaye. Sai kuɗin gwaji da ka ware daban wanda ka san in ya tafi ba zai dawo ba, kar ka taɓa haɗa shi da kuɗin da wani ya ba ka na odar kaya.

In ka samu ƙaramin ma'aunin kauri irin na makanikai ka saya, yana taimako sosai wajen fayif da fata. In babu, ka samu guntun fayif ɗin da ka yarda da kaurinsa ka riƙa yawo da shi a aljihu kana kwatantawa a shago.

1. Ka fitar da abin daga waya ka yi shi da kwali

Kafin ka je wajen kowa, ka yanka kwali ka haɗa kujerar a girmanta na gaskiya. Ba ƙarama ta ado ba, girmanta sak. Kujerar zama ta yau da kullum tsayinta daga ƙasa wajen santimita 45 ne, wato kusan inci 18, 'yar tsugunno kuma ta tsakar gida tana sauka ƙasa da haka sosai, to ka yanke shawara wacce kake yi kuma wa zai zauna a kai. Kwalin nan shi zai nuna maka abin da zane ya ɓoye, sai ka ga ƙafar ta buɗe da yawa tana harɗe mutum, ko mazaunin ya yi ƙanƙanta.

Sannan ka zana ta a takarda ta gaba, ta gefe, ta sama, ka rubuta awo da inci. Wannan ina jaddada shi don a makaranta an saba da milimita, amma mai walda da kafinta da inci suke tunani, fayif ma da inci ake sayar da shi. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, ka zauna a gida ka juya lissafinka duka, kar ka bari sai a bakin gareji ana ƙarar janareta ku fara lissafi a ka. Kuma kar ka cakuɗa, wani wuri inci wani wuri santimita a takarda ɗaya.

2. Ka gwada kayan kafin ka ƙaunace su

Nan ne ake yawan tsallakewa, kuma nan ne aikin yake. Mutum ya ga fata mai kyau ja wur a kasuwa ya saya da yawa, bai san yadda za ta yi ba in ta sha rana ko ta ji ruwa.

Da farko ka san fata iri biyu za ka tarar. Akwai jimar gargajiya ta bagaruwa wadda majema ke yi, akwai ta kamfani wadda ake jemewa da sinadarin kurom. In ka yanka gefe ka duba cikin, ta bagaruwa za ka ga launin ƙasa-ƙasa, ta kurom kuma sau da yawa cikinta toka-toka ne mai ɗan shuɗi, sai dai in rini ya ratsa ta. Ta bagaruwa tana da tauri, tana karɓar zane da bugu, tana duhu in ta daɗe, amma tana shan ruwa. Ta kurom ta fi laushi ta fi jure ruwa. Fatar akuya, musamman jar akuyar Sakkwato da duniya ta sani, ba ta da kauri, ta jaka ce da ado da rufi, in mutum zai zauna a kai kirgi kake so ko kuma ka yi mata shafi da tamfol mai ƙarfi daga ƙasa. Kuma ka kula da bakinka a kasuwa, in ka ce "leda" wajen masu kushin fatar roba za su miƙo maka, ka ce fata ko kirgi.

Kowane iri ka sayi kaɗan ka yanka shi gida shida kamar tafin hannu, ka rubuta lamba a baya, sai ka yi wannan:

Na ɗaya ka ɗiga masa ruwa ka bar shi ya bushe a inuwa, ka ga ko ya bar tabo ko ya ƙandare. Na biyu ka rufe rabinsa da kwali ka ajiye a rana sati biyu, ranar da ka buɗe za ka ga bambancin launi da idonka. Na uku ka jiƙa farin ƙyalle ka goga da ƙarfi sau ashirin, in ƙyallen ya ɗauki launi to ka sani haka zai yi wa farar shaddar mai saye ranar Juma'a, kuma ba zai yafe maka ba. Jan rinin karan dafi da baƙin kuloko suna da kyau ƙwarai amma dole ka gwada su haka, in suna zuba ka yi magana da baduku a kan yadda za a goge a shafe fuskar, ko ka mai da su wurin da jiki ba ya taɓawa. Na huɗu ka lanƙwasa shi wuri ɗaya sau ɗari, fatar roba mai arha a nan take tona kanta, fuskarta ta tsage. Na biyar ka jiƙa shi ka ɗaure a jikin ƙarfen da ba fenti ya kwana. Na shida kar ka yi masa komai, ka sa a ambulan, da shi za ka riƙa kwatanta sauran.

Wannan na biyar ɗin da hasara na koye shi. Na taɓa yin kujeru da kirgin bagaruwa a kan ƙarfen da na bari ba fenti don ina son launin ƙarfen, da rani lafiya lau, damina na sauka iska ta yi laima sai duk inda fata ta taɓa ƙarfe ya yi baƙi ƙirin kamar an zuba tawada. Wani dattijon baduku a cikin birni ne ya duba ya ce min ai ɗana kuloko ka haɗa ba ka sani ba, ruwan bagaruwa in ya gamu da ƙarfe baƙi yake bayarwa, da haka muke rina baƙar fata tun kakanni. Tun ranar ban sake ɗora fatar bagaruwa a kan ƙarfe tsirara ba, kuma ƙusa ko ribit ɗin da zai ratsa ta ina neman na tagulla ko wanda ba ya tsatsa.

Sai gwajin miƙewa. Ka yanka tsiri mai faɗin inci 2 tsawon inci 12, ka rataye jarkar nan cike da ruwa a jikinsa, kilo 25 kenan, ya kwana, da safe ka sake awo. Ka yanka ɗaya daga gadon baya ɗaya daga wajen ciki ka ga bambanci, fatar ciki ta fi saki nesa ba kusa ba, shi yasa mazauni daga gadon baya ake fitar da shi.

In kirgi mai kyau ya yi wuya a Zariya a lokacin, Kano ba nisa, Kofar Wambai akwai fata da zare da bakul da sauran tarkace. In kuma kana son gwaji na ƙa'ida ko ƙarin sani a kan jima, cibiyar binciken fata ta tarayya wato NILEST tana nan Samaru, aikinsu kenan. Kuma kar ka tsaya kan fata kawai, ka gwada saƙi, igiyar rama, kaba, tamfol, har tsirin tsohuwar tayar mota ana saƙa mazauni da shi ya yi ƙarko, duk gwajin nan shida ka yi musu su ma.

3. Neman mai aikin

Kar ka zaɓi mutum don shagonsa ya fi girma. Ka je ka tsaya ka kalli abin da ya gama. Wajen mai walda ka juya ƙofa ko gadon da ya yi ka duba bayansa, wurin da ido ba ya kaiwa, in haɗin ya tafi sumul kamar jerin ƙwai to hannu ne, in ɗigo-ɗigo ne an cike da fenti ka yi sallama ka wuce. Ka ɗora sikwaya a kusurwa. Wajen baduku ka duba ɗinkin ta ciki da yadda ya gama bakin fata.

Sannan ka nemi wanda yake da haƙurin sabon abu. Akwai gwanaye waɗanda shekara talatin suna abu ɗaya kuma ba sa son a canza musu, wannan ba laifi ba ne, amma ba su ne abokan gwaji ba. Alamar wanda kake nema shi ne in ka nuna masa kwalin zai juya shi ya fara yi maka tambaya, ya ce nan in aka yi haka zai karye.

Ka shiga da sallama da gaisuwa cikakkiya, ka gaida maigidan kafin yaran shago, dattijo ka ce Baba ko Malam, ka tambayi aiki da iyali, kar ka zaro waya tun kana tsaye. Kuma kar ka je da "ni na karanta". Ni abin da nake cewa shi ne, Baba ga wani abu na zo da shi, ban san ko zai yiwu ba, ina so ka duba min. Wallahi wannan kalmar tana buɗe ƙofa, kuma gaskiya ce, don shi ya san halin ƙarfe ko fata fiye da kai.

Lokaci ma abin lura ne. Gab da Sallah kar ka kai wa baduku sabon gwaji, kayan doki na hawa da takalma sun cika masa hannu, haka tela. Da damina kuma wasu suna gona da safe. Tsakanin Sallah da Sallah ko bayan an gama girbi ya fi.

4. Maganar kuɗi tun kafin a kunna inji

Ka faɗa masa a fili guda ɗaya za a yi, gwaji ne, kuma mai yiwuwa a yanke a sake. Ka biya kuɗin wannan ɗayan sama da yadda za ka biya in ana yin da yawa, don lokacinsa kake ci. Kar ka yaudare shi da cewa ai oda ɗari na nan tafe don ya rage maka, in ba ta zo ba ka zubar da mutuncinka a layin gaba ɗaya.

A gwajin farko kai ka sayi kayan da kanka, ko ku je tare. Fayif iri-iri ne a kauri ko da faɗinsu ɗaya, akwai mai sirantar da walda ke hudawa, kuma in ka ba da kuɗi dunƙule aka ga farashi ya tashi to mai sirara za a ɗauko. Ka raba kuɗin kaya daban kuɗin aiki daban. Ka ba da kafin alƙalami, ciko sai an gama, ku rubuta a littafinka da ranar karɓa a gaban wani. Ku yi maganar wuta ma, in ba NEPA aka ta da janareta wa zai sayi mai, wannan ƙaramar magana tana ɓata zumunci in an bar ta sai ƙarshe.

5. Ka zauna a wurin ranar da ake yin na farko

Kar ka ajiye zane ka tafi. Ka zo da kwalinka ka samu benci. Ka roƙi mai walda ya fara ɗiga walda kaɗan-kaɗan a kowane haɗi don ya riƙe kawai, ku ɗora a ƙasa mai daidai, kan siminti ba kan turɓaya ba, ku ga ko tana rawa, ku auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta giciye, in awon biyu ya zo ɗaya to ta miƙe. Sai bayan nan ya bi ya cike. Zafin walda yana jan ƙarfe, in ya cike gefe ɗaya gaba ɗaya kafin ɗayan sai ta karkace. Kar ka kalli hasken da ido, kuma in fayif ɗin mai farin shafi ne na ruwa, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon kai, a yi shi a fili ko ma ka guje shi.

In ya ba da shawarar canji ka saurara da gaske, ka tambayi dalili. Mafi yawan gyaran da ya inganta kayana daga bakinsu ya fito, kamar ƙara ɗan ƙarfe a ƙasa tsakanin ƙafafu, ko sauya inda ɗinki zai bi don kar ya zauna daidai inda nauyi yake. Amma in canjin don sauƙin aikinsa ne kawai kuma zai ɓata siffar, ka ce a'a cikin ladabi ka bayyana abin da kake nema. Duk abin da aka canza ka rubuta nan take ka ɗauki hoto da tef a jiki.

Daga nan a gurje haɗin, a bi da samfefa, a goge maiƙo, a sa jan fentin nan mai hana tsatsa, ya bushe, sannan fenti na sama. Kar ka yarda a fesa launi kai tsaye kan ƙarfe don sauri, kuma da hunturu a nemi wurin da ƙura ba ta sauka, in ba haka ba fuskar za ta yi kaushi. Sai fenti ya bushe sarai za ka kai wa baduku, kuma ka kai masa ƙarfen kansa ba awo ba, ya yanka fatar a jikinsa. Ku ɗaure ta tamau don za ta saki da zama, in da hali ku yi ta da igiya ko bakul a ƙasa yadda mai ita zai iya ƙara ɗaurewa bayan wata shida.

In a zanenka akwai lanƙwasa mai zagaye kuma mai waldarka ba shi da injin lanƙwasa, hanya biyu ce: ko ku cika fayif ɗin da busasshen yashi ku toshe ku lanƙwasa a hankali don kar ya lotse, ko ka koma rodi wanda ba rami a cikinsa. In abin ya fi ƙarfin nan, Panteka a Kaduna akwai masu injina iri-iri.

6. Ka wahalar da ita

Ka ɗora mata buhun siminti biyu, kilo 100 kenan, ta kwana uku. Ka sauke ka auna yadda mazaunin ya lotsa. Ka ja ta a ƙasa, ka karkata ta kan ƙafa biyu kamar yadda samari ke yi a majalisa, sannan ka kai ta gida ko shagon mai shayi a zauna a kai sati biyu ba tare da ka ce a lallaɓa ta ba. Ka tambayi mata da tsofaffi musamman, su ne za su gaya maka ta yi nauyin ɗauka ko bakinta yana kama zani. In akwai katako a cikin aikinka ka yi haƙuri ya ga hunturu ɗaya, katakon da aka saya ɗanye da damina yana tsagewa in iskar nan ta busa.

Da wuya na farko ya wuce ba gyara. Ka koma ku yi na biyu.

7. Daga ɗaya zuwa da yawa

In ka gamsu, ku yi samfuri biyu iri ɗaya sak, ɗaya a shagon mai aikin ɗaya a wajenka, ka sa hannu da maka a ƙasan kowanne. Duk gardamar da za ta taso nan gaba wannan ne alƙali. Kwalin yankan fata a mai da shi na langa-langa ko filawud don kwali yana cinyewa a baki, girman ya riƙa raguwa ba a sani ba. Mai walda kuma ka biya shi ya haɗa maka ma'auni, wato ya kafa guntayen ƙarfe a kan faranti yadda kowace ƙafa za ta shiga ta kwanta a kusurwa ɗaya, wannan shi ke sa ta ashirin ta yi kama da ta farko ko da yaron shago ne ya haɗa.

Kar ka tsallaka zuwa hamsin. Ka yi biyar tukuna, a nan za ka san ainihin kuɗin guda, ka lissafa har guntayen fayif da suka rage da gefen fatar da ba ta amfanuwa, kuɗin Keke Napep tsakanin mai walda da baduku, man janareta, da ranakun da kai ka ɓata. Wani lokaci rage inci ɗaya a tsayin ƙafa yana sa sandar fayif guda ta fitar da ƙarin ƙafa ba asara, to ka zauna da mai walda ku yi wannan lissafin kafin a yanka. Fata kuma ka sayi ta odar gaba ɗaya lokaci guda daga hannu ɗaya, don jima biyu ba sa zuwa launi ɗaya.

Maganar kwaikwayo, eh za a kwaikwaya in abin ya karɓu, ba ka iya hanawa gaba ɗaya. Ka sa a yi maka ɗan hatimin ƙarfe da za a riƙa bugawa a fatar, ka roƙi amanar masu aikinka, ka riƙe su da biya a kan lokaci, kuma in kana tallar kayan a Instagram ko WhatsApp ka ambace su da izininsu, hannunsu ne a ciki.

Ranar karɓa ka duba kowacce ɗaya bayan ɗaya a gabansa kusa da samfurin, ka girgiza, ka shafa haɗin da hannu ko akwai kaifi, ka goga farin ƙyalle, wadda ba ta yi ba ka ware a gyara kafin ka ba da ciko. Wajen ɗauka ka naɗe ƙafafun da kwali don kar su goge wa juna fenti a cikin Keke. In za ka ajiye su kafin a saya, kar ka ƙunshe fata a leda musamman a watan Agusta, fumfuna za ta kama ta, ka rufa musu tsohon zani ka ɗora su kan katako a ɗaki mai iska, nesa da bango.